Sai An Gaishe da Pa Sodeinde

Lamidi Sobowale, mai gyaran keken ɗinki a kasuwar Itoku, mutum ne da ba ya rasa abin damuwa. In nasa ya ƙare, sai ya ari na maƙwabci. Saboda haka ranar da 'yarsa Fehintola ta samu aiki a laburaren unguwarsu, murnarsa ba ta wuce tsawon cin amala ɗaya ba. Kafin ya wanke hannu ya riga ya fara tunanin ranar da za a sallame ta.

Aikin na gwaji ne. In kwamitin laburaren ya gamsu da ita, a riƙe ta da albashi. In bai gamsu ba, ta koma gida ta ci gaba da taya uwarta ƙulla shinkafar ofada a ganye. Takardar digirinta kuwa ta daɗe a ƙarƙashin katifa, har Lamidi ya daina zama a wannan gefen gadon don kunya.

Laburaren yana da shafi a intanet, inda mutum ke duba ko littafi yana nan, da lokacin buɗewa da rufewa. Yana kuma da shafi na biyu, na baje kolin tsofaffin zannuwan adire waɗanda iyaye da kakanni suka rina. Na biyun ɗa ne ga na farkon, amma irin ɗan nan da ba ya leƙa gida. Mutane na tururuwa kallon zannuwa, har daga ƙasashen waje, su gama su tafi abinsu, ba wanda ke gane akwai laburare a bayansa. Aikin Fehintola shi ne ta gyara hanya tsakanin uba da ɗa.

Wata Juma'a da yamma ta zo ta durƙusa a gefen kujerar Lamidi, wanda take kira Baami, wato babana.

"Baami, ranar Alhamis kwamiti zai duba aikina. Ina so ka zo."

"In zo in yi me? Laifi kika yi?"

"Ba laifi. Ina neman wanda bai saba da kwamfuta ba ya zauna a gabansu ya gwada shafin. Zan ce ka nemo kaza, kai kuma ka nema. Shi ke nan."

Matarsa Iya Fehin, wadda ke tsince wake a bakin ƙofa, ta ce, "Kin zaɓi daidai. Ubanki ko hoton da aka aiko masa sai ya kai wa Rasaki na kasuwa ya buɗe."

"Ke dai ji da wakenki," in ji Lamidi. Ya juya ga 'yarsa. "To, me za a tambaye ni?"

"In na faɗa maka gwajin ya lalace. Abu ɗaya nake roƙo, Baami: kada ka shirya komai. Kada ma ka buɗe shafin. Ka zo yadda kake."

Lamidi ya ce to. Amma a ransa ya san abin da ya sani. Sau ɗaya a rayuwarsa ya shiga jarrabawa yadda yake, a aji uku na sakandare, kuma abin da ya biyo baya shi ne keken ɗinki. Yarinya ce, tana jin nauyin ta ɗora wa ubanta wahala, shi ya sa ta ce haka. Amma a ce ya zauna gaban manyan unguwa yana lalube kamar makaho a sabuwar kasuwa, su ce shafin da 'yarsa ta gyara ko ubanta bai gane shi ba? Wannan ba zai faru ba yana numfashi.

Washegari da ya buɗe shago bai taɓa keke ko ɗaya ba. Ya kira Rasaki mai zare, maƙwabcinsa, wanda ya san kan waya.

"Rasaki, nemo mini shafin zannuwan laburare."

"Yau kuma? Rini za ka koma, Baba Fehin? Keken ya daina biya?"

"Bakinka ya fi zarenka tsawo. Nemo."

Shafin ya buɗe, zannuwa shuɗaye reras, kowanne da sunansa a ƙasa. Lamidi ya ji daɗi, don a tunaninsa duk abin da ke kan intanet da sunan laburaren aikin 'yarsa ne. Bai san shafin nan tsohon ne ba, wanda aka gina tun kafin zuwanta, nata gyaran kuwa yana cikin kwamfutarta bai fito ba tukuna.

"To, yanzu mu shiga laburaren daga nan," in ji shi.

Suka nemi ƙofa. Sama babu, gefe babu. Rasaki ya yi ta jan shafin ƙasa har zannuwa suka ƙare, sai ga wani ɗan hoto kamar na fasfo: Pa Sodeinde, shugaban laburaren, da tabarau da hula. Suka danna shi. Sai jawabin maraba ya fito, mai tsawo kamar huɗubar idi. Rasaki zai wuce, Lamidi ya riƙe masa hannu.

"Babba na magana kana wucewa? Karanta."

Rasaki ya karanta har muryarsa ta dishe. A ƙarshen jawabin akwai maballi mai cewa a ci gaba. Suka danna. Sai ga Iya Alaro, shugabar marina, da ɗankwali kamar rumfa, ita ma da nata jawabin. Bayanta sai waɗanda suka kafa laburaren, ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, rayayyu da matattu.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da aka gina shafin, kwamiti ya ce ba a shiga gidan mutane a wuce kai tsaye ɗakin ciki. Sai an gaishe da manya, kuma bi da bi. Ai ba a daji aka haifi mutum ba. Lamidi da ya ga tsarin sai ya gyaɗa kai. Yarinyar nan ta ji tarbiyya.

Matsalar ita ce a ƙarƙashin kowane dattijo maballi biyu ne, kuma kamarsu ɗaya. Ɗaya ya kai ka dattijo na gaba, ɗayan ya mayar da kai wurin Pa Sodeinde. Sun kusa kaiwa ƙarshe Rasaki ya danna wanda ba shi ba. Sai ga tabarau da hula.

"Barka da dawowa, Pa," in ji Rasaki. "Mun yi kewarka."

"Sake."

Suka sake. Pa Sodeinde ya sake fitowa. Kafin azahar sun gaishe shi fiye da yadda 'ya'yansa ke gaishe shi a wata guda. Rasaki ya ajiye wayar a kan teburin keke.

"Baba Fehin, ni na gaji. Ko gidan surukai ba a yi mini haka ba. In littafi nake so, na hau acaba in je, ya fi sauri."

"Kai ba 'yarka ba ce."

Daga ranar Lamidi ya shiga karatu. Ya ja ƙofar shago rabi don masu kawo gyara su ɗauka ba ya nan. Wata tela da kekenta ke tsallake ɗinki ta leƙo ta same shi ya ƙura wa waya ido yana motsa baki.

"Baba, addu'a kake yi? Kekena fa?"

"Kekenki na jinya. Ki dawo Juma'a."

A hankali hanyar ta zauna masa. A wurin Pa, maballin dama. A wurin Iya Alaro, na hagu, don ita ba ta bin kowa. A wurin marigayi mai sanda, dama. A wurin mai gemu, kada ka taɓa wanda ya fi kyau, tarko ne. Jawabin Pa kuwa, tun yana bin sa da yatsa har ya zama yana rufe ido ya karanta, don duk lokacin da ya yi kuskure aka mayar da shi, bai ga ya dace ya wuce babba ba tare da ya saurare shi ba.

A gida yakan shiga bayan tankin ruwa da wayar. Iya Fehin ta kama shi a can ran Talata.

"Wace ce?"

"Wace ce wa?"

"Wadda kake ɓuya kana yi wa murmushi a waya. Da furfurarka."

Ya miƙa mata wayar. Ta duba, ta ga Pa Sodeinde da tabarau. Ta dube shi, ta sake duban hoton.

"Da mace ce da na san abin yi," in ji ta. Sai ta gane. "Ba yarinyar nan ta ce kada ka buɗe ba?"

"Yaro ya san tafiya, bai san dawowa ba. Ki rufe bakinki, don ita nake yi."

Ranar Alhamis ya sa agbadarsa, babbar rigarsa ta zuwa biki, wadda ke warin kafur. A ɗakin taron laburaren an jera kujeru, an rataya farin allo, an haɗa shi da kwamfuta don kowa ya ga abin da ake dannawa. Pa Sodeinde na zaune a tsakiya, ya fi hotonsa tsufa da kiɓa. Iya Alaro na damansa, tafin hannunta shuɗi har wuyan hannu, irin shuɗin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Sauran 'yan kwamiti na gefe. Lamidi ya kwanta rub da ciki ya gaishe su, agbada da komai.

"Tashi, tashi, Baba Fehin," in ji Pa. "Kun ga irin gidan da yarinyar ta fito."

Fehintola ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta miƙe.

"Iyayena, zan nuna shafi iri biyu. Mahaifina bai taɓa ganin ko ɗaya ba." Lamidi ya sunkuyar da kai yana gyara hula. "Baami, ga wannan zane, Olokun. A ce ka gan shi ya burge ka, kana son littafin da ke bayani a kansa. Nemo mana ko yana laburare. Kada ka ji kunya in ka ɓata. Ka ɗauki lokacinka."

Lamidi ya duba allon, zuciyarsa ta yi sanyi. Shafinsa ne. Ya yi bisimilla a ɓoye, ya naɗe hannun agbada.

Ya ja ƙasa ya danna Pa. Dama. Iya Alaro, hagu. Mai sanda, dama. Mai gemu, ya kauce wa tarko har da ɗan murmushi. Dattawa suka riƙa wucewa a allon kamar motoci a babban titi. Kafin ma'ajin kwamiti ya gama ɓare goronsa, ga shafin laburare, ga littafin, ga lambar kantar da yake. Lamidi ya jingina baya, ya waiwayi 'yarsa don ya karɓi godiya.

Fuskar da ya gani ba ta godiya ba ce. Bakinta a buɗe yake kaɗan, kamar wadda ta ga akuyarsu na karanta jarida.

Pa Sodeinde ya tafa hannu a hankali.

"To, jama'a, kun gani. Tun da yarinyar nan ta zo take ce mini hanyar ta yi tsawo, mutane na ɓata, a cire gaisuwa daga kan hanya. Ga mahaifinta, mai gyaran keke, bai taɓa gani ba, ya wuce kamar ɗan gida. Me za a gyara a nan? In kuwa babu abin gyara..." Ya buɗe hannuwansa, bai ƙarasa ba.

Lamidi bai gane duka ba, amma ya gane "a cire gaisuwa", ya kuma gane "babu abin gyara". Na farko ya tsorata shi, na biyu ya fi.

"Baba Fehin," in ji Pa, "faɗa musu da bakinka. Akwai wuya?"

Lamidi ya rasa inda alheri yake. In ya ce da wuya, ya ƙaryata babba. In ya ce babu, bai san abin da zai samu 'yarsa ba. Sai ya kama abin da ya tabbata ba ya ɓata wa kowa rai, wato yabon babba.

"Ranka ya daɗe, wace wuya, alhali kai ne ke tarbar mutum? Jawabinka kaɗai ya isa." Ya miƙe, ya rufe ido, ya fara. "Da sunan kwamitin wannan gida mai albarka, da na iyayenmu da suka dasa wannan itace ba don su sha inuwarsa ba, ni, ɗanku kuma bawanku..."

Ya tafi tiryan-tiryan. Bai tsallake ko waƙafi ba. Ya ambaci shekarar da aka aza tubali, da ambaliyar da ta ci kantar jaridu, da sunan wanda ya ba da fanka. Pa Sodeinde ya cire tabarau ya goge ido. Tun da ya rubuta jawabin nan ko matarsa ba ta kai ƙarshensa ba.

Da ya gama aka yi tafi. Iya Alaro ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta karkata ɗankwalinta ta dube shi.

"Ɗana, kai da ba ka taɓa ganin shafin ba, a mafarki aka karanta maka?"

Lamidi ya dubi Fehintola, ya dubi ƙasa.

"Na ɗan leƙa, Mama."

"Leƙe ne ya zama hadda?"

"Ai ba da niyya na haddace ba. Duk ƙofar da na taɓa, Pa ne ke fitowa. In na yi dama, Pa. In na yi hagu, Pa. Ni kuma ba zan wuce shi yana magana ba."

Wani ɗan kwamiti ya yi tari mai kama da dariya.

"Tun yaushe kake leƙen?"

"Tun Asabar. Amma ba wuya, Mama, wallahi," ya yi saurin ƙarawa, don ya ga fuskar Pa ta fara sauyawa. "Duk wanda ya rufe shagonsa mako guda zai iya. Rasaki ne kawai ya kasa, shi kuwa dama ba shi da haƙuri. Ya ce gara ya hau acaba."

A nan dariyar ta ƙwace wa kowa. Ma'aji ya ƙware da goro, aka bubbuga masa baya. Iya Alaro ta daki cinyar Pa da shuɗin hannunta.

"Ka ji, Sodeinde? Ka zama ɗan sandan kan hanya. Na gaya maka tun farko, da ni aka sa a gaba da mutane sun fi jurewa. Na girme ka, na kuma fi ka kyan gani."

"Mama, girman da wata nawa ne?"

"Ko da kwana ɗaya ne, na riga ka shan nono."

Pa ya mayar da tabarau. Bai yi dariya ba, amma bai yi fushi ba. "To, yarinya, nuna mana naki."

Fehintola ta taɓa kwamfutar, allon ya sauya. Zannuwan na nan yadda suke, amma komai ya koma wani wuri. Lamidi ya juya ga Pa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ina neman alfarma. A ba ni zuwa Alhamis mai zuwa in shirya."

"Zauna, Baami," in ji Fehintola. Muryarta a hankali take, amma irin ta uwarta ce. Ya zauna.

"Zanen nan dai, Olokun. Nemo littafinsa."

Ya duba. Babu ɗan hoto, babu mai sanda, babu mai gemu. Yana cikin neman inda zai fara sai ya ga rubutu a ƙarƙashin zanen, ƙato, wanda ko ba tabarau ana gani: littattafan da ke laburare a kan wannan zane. Ya ce a ransa wannan tarko ne, ya yi kyau da yawa. Amma ba wani abin dannawa a kusa, sai ya rufe ido ɗaya ya danna.

Ga littafin. Ga kanta. Ga lokacin buɗewa a gefe.

"To, sai me?" ya tambaya. "Yaushe za a fara?"

"An gama, Baami. Yanzu koma wurin zannuwan."

A saman shafin akwai shuɗin layi mai ɗauke da sunan laburaren da na baje kolin gefe da gefe. Ya lura layin nan bai motsa ba tun ɗazu, yana nan a duka shafukan biyu kamar bakin zane. Ya danna baje koli, ya koma. Ya danna laburare, ya dawo. Ya sake, don ya tabbatar ba sa'a ba ce.

Sai abin da ya aikata ya faɗo masa. Ya shiga gidan mutane ya fita, ya sake shiga, bai ce wa kowa sannu ba, kuma a gaban masu gidan. Ya ture kujera ya sake kwantawa a ƙasa.

"Pa, Mama, ku yafe mata. Yarinta ce. Ta taga ta shigar da ni, ban sani ba. A gida ba haka muka koya mata ba."

"Baami, don Allah tashi."

"Ke yi shiru. Durƙusa."

Fehintola ta durƙusa, amma hannunta ɗaya na kan kwamfutar.

Pa Sodeinde ya daɗe yana kallon allon. Da ya yi magana, muryarsa ta ragu. "Baba Fehin ya tambayi abin da nake son tambaya. Mu ina muke? An share mu?"

"Wa ya isa, Pa?" Ta nuna ƙarshen shuɗin layin. An rubuta: gaisuwar iyayen gida. Ta danna. Ga su duka a shafi ɗaya, kamar hoton biki, kowa da jawabinsa a ƙarƙashinsa. "Da can sai mai neman laburare ne ke ganinku, shi ma a fusace. Yanzu kuna saman kowane shafi, nan da can. Duk inda mutum yake, taku ɗaya ne zuwa wurinku."

"In ya ga dama," in ji Pa.

"In ya ga dama, Pa."

"In kuma bai ga dama ba fa?"

Iya Alaro ce ta gyara zama.

"Sodeinde, zannuwan nan na uwata ne da na kakata. Ban ba da su don a kalla a tafi ba. Na ba da su don yara su zo nan su zauna su karanta, ko ɗaya daga cikinsu ya ɗauki sana'ar. In ka tsaya a ƙofa, wa zai shigo? Matsa gefe, tsoho. Gaisuwar da aka tare mutum aka karɓa, ai haraji ce."

Pa ya shiga murza haɓa. Lamidi na ƙasa har yanzu, ya ɗaga kai kaɗan yana leƙen fuskarsa kamar mai duban hadari.

"Hoton nan ya tsufa," in ji Pa daga ƙarshe. "In za a sa ni a saman kowane shafi, a ɗauki sabo. Da hular da aka naɗa ni da ita." Ya dubi Fehintola. "Wa zai kula da shafin in an sake shi? Waɗannan abubuwan lalacewa suke kamar fanka."

"Sai an samu mai kula, Pa."

"To, an samu. Ki je wurin ma'aji ranar Litinin. Baba Fehin, tashi haka nan, ka share mana ƙasa da agbada."

A hanyar gida suka wuce masu gasa masara. Fehintola ce ta fara.

"Baami, na ce kada ka buɗe."

"Kin ce. Da ban buɗe ba, wa zai karanta wa Pa jawabinsa? Kin ga ya yi hawaye?"

"Saura ƙiris ka kore ni daga aiki."

"Saura ƙiris ba kora ba ce." Ya yi 'yan taku. "Amma tambayar tsohon nan na damuna. In ba wanda ya danna gaisuwar fa? Zai sani?"

"Zai sani. Shafin na ƙirga masu shiga kowane wuri. Duk ƙarshen wata zan kai wa kwamiti."

Lamidi ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani ɗan acaba ya zage shi.

"Yana ƙirgawa? To, in ya ga ba kowa, ai zai ce kin binne shi da rai. Ya ce a mayar da na da. In an mayar da na da..."

"Baami, an ba ni aikin. Ka ji daɗi ko na yini ɗaya mana."

Ya ce to.

Da aka saki sabon shafin, Lamidi ya ƙara wa safiyarsa aiki ɗaya. In ya buɗe shago ya share, kafin ya taɓa keke, sai ya ciro waya ya shiga ya gaishe da iyayen gida. Sannan ya leƙa wurin Rasaki.

"Ka gaishe da Pa yau?"

"Baba Fehin, ko ubana ban gaisar ba tukuna."

"Ubanka ba ya ƙirgawa. Kawo wayar."

Duk telan da ya zo karɓar kekensa, sai ya danna gaisuwa kafin a miƙa masa. Mai kawo masa abincin rana ma ba ta tsira ba. Wasu daga cikinsu, da yake sun riga sun shiga, sukan zarce kallon zannuwa, har wata tela ta je ta ari littafi.

A taron ƙarshen wata Fehintola ta kai rahoto. Masu wucewa daga baje koli zuwa laburare sun ƙaru sosai, kantar littattafan rini ta fara yin giɓi. Amma Pa Sodeinde ba wannan ya tsaya a kai ba. Ya sa yatsa a kan layin gaisuwa, ya juya wa Iya Alaro takardar.

"Kin gani, Mama? Ba a tare kowa ba, da ƙafarsu suke zuwa. Kullum da safe, kamar masu zuwa aiki."

Fehintola ta riga ta lura cewa kusan dukansu suna zuwa ne daidai lokacin da ake buɗe shaguna a Itoku. Ta durƙusa ta ce, "Mutane na son ka, Pa."

Da yamma ta sayo wa mahaifinta katin data ta ajiye a gefen kwanon amalarsa. Lamidi ya ɗauka ya juya shi, ya sa a aljihu.

"Wannan ba zai kai ƙarshen wata ba," in ji shi. "Masu kifi ma sun ce za su shigo gaisuwar."